Kundin da Yaya Haladu Ya Ƙi Ɗinkewa

Yaya Haladu ba ya ganin littafi ya ƙyale shi. Duk wanda ya taɓa zama da shi a gida Kabo, ko a rumfarsa ta kasuwar Gwarzo, ya san haka. Nasa ne ko na mutane, sai ya kama bangon nan biyu, ya kifa littafin ƙasa kamar kazar da za a kai kasuwa, ya karkaɗa shi. In ba abin da ya faɗo, ya shafa bayansa ya ce, “Madalla, ɗan halas.” In kuwa takarda ta zubo, sai ya tsuke baki ya dubi mai littafin, kamar shi ya haɗa shi.

Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunana Tasi’u, amma har gemuna ya yi fari bai daina ce mini Auta ba. Sana’arsa ɗaurin littafi. Wanda ya warwatse ya ɗinke shi, wanda ya rasa bango ya yi masa sabo da kwali da jar fata, sannan ya danne shi ƙarƙashin tsohon dutsen niƙan innarmu har ya bushe. Kayan aikinsa ba su wuce basilla da zare da wata wuƙa da wasawa ta cinye rabinta ba. Shi ya sa ake ce masa Mai Basilla. Littafin da aka manne da gam, a wurinsa yaudara ne, damina ɗaya zai tona masa asiri. ’Yar wayar nan kuwa da ake danna wa takarda, cizon tururuwa yake kiranta.

Wata shekara tari ya matsa masa, na kai shi asibiti. Likitan saurayi ne mai haƙuri. Ya juya zai ɗauko abin sauraron ƙirji, kafin ya waiwayo Yaya ya riga ya sunkuto wani ƙaton littafi daga kan teburinsa.

Na ce, “Yaya, don girman Allah!”

Ina! Ya kifa shi, ya karkaɗa. Shiru. Ya buɗe tsakiya, ya kai ido har hancinsa na taɓa takarda, sai ya hango zare.

Ya ce, “Auta, kwantar da hankalinka. Likitan kirki ne, littafinsa ɗinki ne.”

Likita ya ce, “Baba, tarin fa?”

“Rubuta abin da za ka rubuta, ɗana. Ko mene ne zan sha.”

Ya kuwa shanye maganin tas. Na likitan da muka fara zuwa wurinsa, mai littafin gam, yana nan kan katanga har rana ta koɗe kwalinsa.

To, mutumin nan da ya ɗinke littattafan rabin ƙasarmu, abu ɗaya ne ya ƙi sa wa basilla, shi ne kundin mahaifinmu. Malam, kamar yadda muke kiransa, malamin allo ne, ya rasu ina ɗan ƙarami. Ban riƙe fuskarsa ba, hoto kuma bai taɓa ɗauka ba. Abin da ya bari mai alamarsa shi ne kundin nan: addu’o’i da ya rubuta da hannunsa, warƙa-warƙa, wato takarda ɗai-ɗai ba ɗinki, a tsakanin bango biyu na fata, a cikin gafaka. Akwai ta mai ciwo, da ta mai naƙuda, da ta matafiyi, da ta ranar shuka, da sauransu da yawa. In ina son ganin ubana, rubutun nan nake buɗewa.

Matsalar ita ce tun Malam yana raye mutane suke zuwa aron warƙa. Mai buƙata ya karɓi wadda ta shafe shi, ya kai gida a karanta, ko malaminsu ya kwafa a allo, in buƙata ta biya ya dawo da ita. Yaya ya gaji kundin, ya gaji aron. Warƙoƙin nan suna dawowa da man gyaɗa a jiki, da baƙin hayaƙi, da tabon yayyafi. Wata akuya ta gutsure mata kusurwa. Ta matafiya kuwa wani ɗan cirani ya tafi da ita kudu, shi da ita ba wanda ya dawo. Ina ji ina gani rubutun ubana yana ƙarewa a hannun mutane.

Ban san ko sau nawa na yi masa maganar ba.

“Yaya, ka ɗinke kundin nan. Littafin kowa ka ɗinke, na ubanka ka bari a watse.”

“In na ɗinke shi, wata mata a Durun tana naƙuda, wani mutum a Masanawa yana kwance, wa zan ba? In sa gatari in raba musu?”

“Sai a kwafa musu.”

“Da wane hannun? Naka? Hannun Malam suke nema.”

“To a kai shagon nan na bakin tasha, inji ya ɗauki hotonsu. Hannun Malam ɗin ne zai fito.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Injin ya yi alwala?”

Da na matsa masa, sai ya yi mini alkawari ɗaya. Ya ce ranar da duk warƙoƙin da suka rage suka kwana a gida, washegari zai ɗinke. Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Sai dai ba su taɓa kwana ba. Wannan ta dawo, waccan ta fita. Wata kaka, bayan an gama girbi mutane suna cikin lafiya da ƙoshi, suka taru kaf da hantsi. Na je na sayo zare sabo, na kawo masa har ɗaki. Ya juya shi, ya ja, ya yaba ƙarfinsa. Bayan azahar sai na jiyo muryarsa a ƙofar gidan maƙwabta.

“Salamu alaikum! Lafiya dai kuke? Ba mai ciwon kai? Yaran fa? Ita tsohuwar, ƙafar ta bari?”

Kafin la’asar warƙa ta fita.

Abin manne fata kuwa da kansa yake damawa, kunun littafi yake ce masa. Sitacin rogo ne, amma ruwan damun sai ya jiƙa ɓawon maɗaci a ciki, don ɗacin ya kori kyankyaso da gara. In ya dahu yana yin ja-ja, kamar kokon jar dawa. Kuma bai yarda ya sayi tukunya don shi ba, a tukunyar kokon matarsa, Yaya Abu, yake damawa.

Takan ce, “Malam, ka sayi taka mana. Bakinmu ya gaji da ɗaci.”

Yakan ce, “Tukunya ai tukunya ce, ki ƙara wankewa.”

Ran nan da safe abokinsa Malam Shehu ya zo daga Masanawa. Tukwane biyu na gefen murhu, Yaya Abu tana sauri za ta gidan suna, ta ɗebo daga ta kusa, ta cika kwano, ta aika zaure har da ƙosai. Malam Shehu mutum ne mai kunya irin ta gidansu, ko ƙaya ka zuba masa ba zai ce uffan ba. Ina zaune ina kallonsa yana kurɓa, yana haɗiya da ƙyar, hawaye na taruwa a idonsa. Na ɗauka zafi ne. Ya shanye, ya yi hamdala, ya kife ludayi.

Sai ga muryar Yaya daga cikin gida. “Abu! Wa ya taɓa mini kunun littafi?”

Muka ji ta ce, “Innalillahi!”

Yaya ya fito zaure, ya leƙa kwano, ya dubi baƙonsa.

Malam Shehu ya ce, “A’a, ba komai wallahi. Da daɗinsa. Sai dai ɗan…”

“Shehu, bangon littattafan Islamiyya guda ka shanye!” Ya tsaya yana jimami, kuma na tabbata kunun yake jimami, ba cikin mutum ba. Can ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Amma ka ci riba. Kai da gara har abada, ko a kabari.”

Duk da haka ba a sayi tukunya ba.

Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne Nura, ɗan yayata Hajiya Rabi. Da zai gama karatu a Kano, ya rubuta aikin nan na ƙarshe da suke cewa furojet, aka buga masa a takardu. Uwarsa ta ce ba wanda zai ɗaure shi sai kawunsa, don albarka. Yaya ya ji daɗi ƙwarai. Ya zaɓi fatar da ya daɗe yana ɓoyo, ya yi ɗinkin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba.

Littafin boko in an kawo masa gyara, tsohon ɗinki yake bi, ba ya ɓata. Wannan kuwa takardu ne sababbi, ba huda ko ɗaya a jikinsu. Shi kuma a littattafan Larabci ya koyi sana’a. Sai ya jera su, ya ɗinke ta gefen dama.

Nura ya karɓa da hannu biyu yana godiya. Ya juya nan, ya juya can, fuskarsa ta canza.

“Kawu! Ta baya ka ɗinke!”

“Wace baya? Littafi ai ta dama yake.”

“Na boko ta hagu ne, Kawu. Ba ka ga filin da aka bari a hagu ba? Wurin ɗinki ne!”

Yaya ya karɓa ya duba filin, ya gyaɗa kai. “Au. Ni na ɗauka wurin ɗora babban yatsa ne. Har na yaba wa Turawa, na ce ashe suna da hankali.”

Ɗinkin ya cinye ƙarshen kowane layi. Nura ya roƙe shi ya warware, ya ce bai koyi warwara ba, ɗinkinsa kuma ko shi ba ya iya masa. Abin da ya ga zai taimaka da shi kawai shi ne shawara: “Ka ce wa malamin naku ya kifa shi ya karkaɗa, sannan ya yi magana.”

Nura ya koma Kano ya sake bugawa, aka ɗaure masa da robar nan mai lanƙwasa. Da ya kawo ya nuna, Yaya ya riƙe shi da yatsa biyu. “Subhanallahi. An huda wa bawan Allah kunne tun daga sama har ƙasa. Me ya yi muku?” Na fatar kuwa yana cikin kabad ɗin Hajiya Rabi, tsakanin kwanukan tangaran, tana nuna wa baƙi.

Nuran ne kuma ya tayar da maganar kundi ranar wata Sallah, muna zaune gaba ɗaya. Ya ce a ba shi ya kai Kano. Akwai inji, a yini ɗaya zai daidaita gefen takardun, a manne, a yi bango mai tauri da rubutun ruwan zinare. Hajiya Rabi ta goyi bayansa, ta ce ita ma ubanta ne, ba za ta zuba ido ya ƙare a bakin akuya ba. Suka dube ni, don sun san ra’ayina.

Yaya bai yi faɗa ba. Ya ɗauko gafaka, ya zaro warƙa ɗaya ya miƙa wa Nura.

“Nuna mini gefen da injin zai yanke.”

Babu gefe. Takarda tsada gare ta a zamanin Malam, ya yi rubutu har bakinta, sama da ƙasa, wani wurin ma ya karkata layi ya bi tsaye. Nura ya mayar masa, aka shiga wata hirar. Ni kuma a ranar na san ba inji nake so ba. Basillar Yaya kaɗai ta san yadda za ta ratsa tsakanin harufan nan ba ta taɓa su ba. Shi kuwa idonsa ya fara rauni, har da harshe yake laluben kafar basilla kafin ya zura zare.

Ciwon ajalinsa bai ja lokaci ba. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya yi gajere, ya daina zuwa Gwarzo. Wata safiya na ga jikin ya yi nauyi, na ce bari in ɗauko warƙar mai ciwo a karanta masa da rubutun ubansa. Na buɗe gafaka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk suna nan, ita kaɗai ce babu.

“Yaya, ina ta mai ciwo?”

“Tana Durun, wurin Goggo Dije.”

Goggo Dije tsohuwa ce da ta daɗe tana kawo mana man shanu. Ashe ɗanta ya zo ina gona, Yaya daga kwance ya nuna masa inda gafaka take.

Na fita na hau babur. Na same ta kwance a ɗaki, warƙar na ƙarƙashin matashinta, an naɗe ta cikin farin ƙyalle. Na gaishe ta, na gaya wa ɗanta Mai Basilla ne ba lafiya. Bai yi musu ba, ya zaro a hankali ya ba ni. Tsohuwar ta bi hannunsa da ido, ta ce in gaishe shi da jiki.

Na iso gida bayan azahar, na durƙusa gefen gadonsa na warware ƙyallen. Ya shafa takardar, ya gane ta.

Ya ce, “Ta warke?”

Na ce, “A’a.”

“Ta rasu?”

“A’a.”

“To yaya aka yi takarda ta dawo?”

“Yaya, kai ma fa kwance kake.”

“Ni na haddace ta tun ba ka iya ɗaura wando ba. Ita fa, me ta haddace? Daga ƙarƙashin kan marar lafiya ka zaro, Auta? Da furfurarka?”

Yaya Abu tana bakin ƙofa, ta ce, “Malam, ka bari a karanta maka ko sau ɗaya, tunda ta zo.”

Ya yarda da wannan. Na karanta, yana bina da leɓe, ya gyara mini wuri biyu. Da na gama ya naɗe ta da kansa, ya tura mini.

“Mayar.”

Na ce, “Yau duk sun taru a gida, Yaya. Ka yi mini alkawari. Ko huda ka fara yi, ni zan ja zaren.”

Ya buɗe ido ɗaya. “Cewa na yi su kwana. La’asar ma ba ta yi ba. Hau babur ɗinka.”

Na hau. Na kai wa Goggo Dije, ɗanta ya mayar ƙarƙashin matashi, suka tsare ni sai na sha fura. Da na dawo, tun daga bakin layinmu na hango takalma sun yi yawa a ƙofar gida.

An ce bai sha wuya ba. Ya tambaya ko na tafi, aka ce na tafi, ya ce to.

Goggo Dije ta tashi. Bayan an share makoki ta zo gaisuwa da kanta, tana dogara sanda, ta kawo warƙar da ƙwaryar man shanu. Kundin yanzu yana hannuna. Warƙoƙin sun kwana a gida, sun sake kwana, ba mai ɗinkewa. Nura ya kira ni a waya, ya ce ya sami wani a Kano mai ɗinkin hannu, ba sai an yanke ba. Na ce ya bari tukuna.

Har yanzu ina ganin da an ɗinke shi da ya fi. Na kuma yanke a raina aro ya ƙare, abin da ya saura ya saura. Kwanan baya wani magidanci ya yi sallama daga Masanawa, ban ma san shi ba. Ya yi mini ta’aziyya, ya ce matarsa ce a kan gwiwa tun safe, an kai ta asibiti, uwarta ta ce a zo a karɓo warƙar Malam. Na ce masa mai bayarwa ya rasu, yanzu ba a fita da su. Ya ce to, Allah ya jiƙansa. Amma bai tafi ba. Ya tsaya a bakin zaure, yana murza hularsa a hannu.

Na shiga ciki na daɗe. Sannan na naɗe ta a ƙyalle na kawo masa. Na ce kada a ajiye ta kusa da murhu, a ɗaure akuya, kuma a wanke hannu. Ya ce in sha Allahu. An sami ’ya mace. Warƙar dai ba ta dawo ba tukuna, sun ce sai an yi suna.

Allah ya jiƙan Yaya Haladu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya sada shi da Malam da Inna cikin rahama. Yaya Abu da mu da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.